Amsa ga ƙanenmu da Spore ya ba wa haushi

Wani ƙanenmu ne ya turo tambaya, ya ce ya daɗe yana jin labarin Spore, wai gem ne da za ka fara daga 'yar ƙwayar halitta guda ɗaya a cikin ruwa ka yi ta rikiɗa har ka kai ga yawo tsakanin taurari, ya tara data ya sauke a laftop ɗinsa ya zauna ya buga, amma ko tsakiya bai kai ba ya ji abin ya fita a ransa. Ya ce shi juyin halitta ya zo gani, sai ya tarar kawai manna wa dabba ƙafa da ƙaho yake yi. Tambayarsa ita ce shi ne bai iya bugawa ba ko kuwa haka gem ɗin yake, kuma akwai wani da ya fi shi?

Toh ƙanena ba kai ba ne, haka gem ɗin yake. Wannan haushin da ka ji ya girmi wasu yaran da ke buga gem yanzu, tun watan Satumban 2008 da Spore ya fito ake wannan kukan. Ni ɓangaren ilimin halittu na karanta kuma na daɗe ina bin irin waɗannan manhajojin da ke kwaikwayon rayuwa a kwamfuta, kuma gaskiya har yau in aka yi maganar Spore sai na ji wani iri, domin da an bi hanyar da aka fara nunawa da wani abu ne daban. Kafin in shiga, maganar asalin ɗan Adam da muhawarar da ke kanta ba ita ce gabanmu ba, maganar gem muke da kuma abin da masana ke nufi in sun ce halittu suna sauyawa daga zuriya zuwa zuriya.

Wanda ya tsara Spore sunansa Will Wright, kuma ba ƙaramin mutum ba ne a wannan harkar, shi ya yi SimCity a 1989, shi ya yi The Sims a 2000. Kamfaninsu Maxis, kamfanin EA ke fitar musu da kaya kasuwa. A watan Maris na 2005 ya hau dandali a taron masu ƙirƙirar gem da aka yi a San Francisco ya nuna abin da suke kai, kuma wannan bidiyon shi ne ya haukata mutane. In ka neme shi a YouTube za ka same shi. Ka duba yadda dabbar ke ciki, ba ta da manyan idanuwan nan na katun, ta fara a ƙarƙashin teku tana iyo kafin ta fito tudu, in ta kashe wata dabbar tana iya jan gawar da baki, kuma abin da kowa ya fahimta daga bayaninsa shi ne yadda ka gina jikin dabba shi zai yanke yadda za ta yi tafiya da yadda za ta yi faɗa. Shekara uku mutane suna jira da wannan hoton a kansu. Da gem ɗin ya fito babu matakin teku sam, daga ƙwayar halitta sai kawai ka manna ƙafafu ka fito tudu, komai ya koma kala-kala mai ban dariya, kuma babban abin, ginin jikin ya daina tasiri.

Nan ne zan daɗe domin nan ciwon yake.

Ka tuna matakin farko da kake cikin ruwa? Mutane da yawa suna cewa shi ya fi daɗi duk da shi ya fi gajarta, kuma akwai dalili. A wannan matakin inda ka ɗora abu yana da amfani. In ka sa ƙaya a gaba za ka soki wanda ka tunkara amma bayanka a buɗe yake, in ka sa ta a gefe ko a baya ka kare kanka daga mai binka amma farauta ta yi maka wuya, in ka sa gubar nan a wutsiya sai mai korar ka ya shiga cikinta. Kowane zaɓi akwai abin da ka samu akwai abin da ka rasa. Da ka fito tudu sai duk wannan ya tafi. Kowace gaɓa tana zuwa da lambarta, wannan ƙafar gudu lebul 2, waccan lebul 4, wannan bakin cizo lebul 3, har zuwa 5, kuma gem ɗin lambar da ta fi girma kawai yake dubawa. Ka yi dabba mai ƙafa takwas dogaye, ni in yi wata dunƙulalliya mai ƙafa biyu gajeru, in dai tafin ƙafar iri ɗaya muka sa toh gudunmu ɗaya. Ka sa ido a gindi ko a goshi duk ɗaya ne. Ka ɗora fiffike ƙarami a kan ƙatuwar dabba za ta tashi. Shi ya sa in ka lura bayan ɗan lokaci ka daina tunanin me zai taimaki dabbar nan ta rayu, ka koma neman gaɓa mai babbar lamba kana ƙanƙantar da ita kana ɓoye ta a hammata don kar ta ɓata maka zane. Aikin tela kake yi a lokacin, kana ɗinka wa dabba riga, kuma rigar ba ta canza ƙarfin wanda ya sa ta.

Sannan ta ina ma kake samun gaɓoɓin? Ka tono su a cikin ƙasusuwan da ke zube a daji, ko ka je gidan wasu dabbobin ka yi musu waƙa da rawa su so ka, ko ka kashe su. A ba ka maki da ake kira DNA ka je ka saya kamar kana kanti. Kana iya shiga da dabba mai ƙafa huɗu da baki irin na kada ka fito da tsuntsu mai hannu shida a haihuwa ɗaya, kuma duk danginka da ke cikin sheƙa nan take su koma irinka.

Abin da masana ke kira juyin halitta ba haka yake aiki ba ko kaɗan. Abu uku yake buƙata kuma Darwin ya shimfiɗa su tun 1859: 'ya'ya ba sa fitowa iri ɗaya sak, bambancin nan ana gadonsa, kuma wasu sun fi wasu rayuwa da haihuwa saboda bambancin. Shikenan. Babu mai zaune yana zaɓa wa dabba ƙaho don ya hango za ta buƙata. Kuma ba dabba ɗaya ke sauyawa ba, garken ne gaba ɗaya ke karkata a hankali saboda wasu sun mutu ba su bar baya ba wasu kuma sun hayayyafa. Misalin da kowa a nan ya sani shi ne kulorokwin. Iyayenmu da shi suka yi maganin zazzaɓin cizon sauro shekara da shekaru, da ɗacinsa da ƙaiƙayinsa, yana aiki. A cikin biliyoyin ƙwayoyin cutar sai aka samu 'yan kaɗan da wani ɗan canji a jikinsu wanda ke sa su fitar da maganin kafin ya kashe su, an fara ganin haka a kudu maso gabashin Asiya da Kudancin Amurka wajen ƙarshen shekarun 1950, ya iso gabashin Afirka a 1978, ya yi ta yaɗuwa, domin duk lokacin da aka sha maganin sai ya share masu rauni ya bar wa masu taurin kai fili. Har ta kai Najeriya ta sauya zuwa magungunan ACT a 2005. Babu ƙwayar cutar da ta zauna ta yi shawara. Mutuwa ce ta yi tankaɗe da rairaya. Yanzu ka duba Spore, in dabbarka ta mutu me ke faruwa? Ka sake ƙyanƙyashewa a sheƙa da jikinka yadda yake, ba abin da ya ragu. Gem ɗin da mutuwa ba ta canza komai a cikinsa ba zai taɓa nuna maka wannan abin ba.

Kuma ba mu 'yan wasa kaɗai muka faɗa ba. A watan Oktoban 2008 mujallar Science ta sa wani ɗan jaridarta John Bohannon ya tara masana suka buga gem ɗin suka ba shi maki kamar ɗalibi, cikinsu akwai T. Ryan Gregory na jami'ar Guelph a Kanada da Niles Eldredge, kuma a darasin juyin halitta kai tsaye suka kayar da shi. Abin da ya ƙara ba su haushi shi ne an yi tallan gem ɗin da sunan kimiyya, har da shirin talabijin na National Geographic da aka haɗa da masana a ciki.

Toh me ya sa suka yi haka, ba su sani ba ne? Sun sani sarai. Maxis ɗin nan su suka fitar da SimEarth a 1990 da SimLife a 1992, kuma SimLife yana da ƙwayoyin gado da maye gurbi na gaske, sai dai bai yi kasuwa irin ta The Sims ba ko kusa. An ruwaito cewa a cikin masu aikin Spore an yi ta ja-in-ja tsakanin masu son a bi kimiyya da masu son abin ya yi kyau da ban sha'awa ga kowa har yara, kuma bayan fitowarsa Will Wright da bakinsa ya nuna cewa da gangan suka sauƙaƙa shi, sun fi son cinikin The Sims 2 a kan yabon da aka yi wa gem ɗin harbin nan Half-Life. Ni ban ga laifin mutum ya so kayansa su sayu ba, inda nake ganin laifinsu shi ne da suka canza hanya ba su canza talla ba.

Amma akwai wata matsalar da ta fi son kuɗi zurfi, kuma ita nake so ka riƙe domin za ta taimake ka wajen zaɓen gem na gaba. Gem yana buƙatar hannunka, sai ka danna abu ya faru sannan ka ji kana wasa. Juyin halitta kuma ma'anarsa kenan babu hannun kowa a sitiyari. In aka ba ka iko ka zana dabba yadda kake so an kashe kimiyyar, in aka ƙwace ikon aka bar kwamfuta ta yi ta haifarwa tana kashewa kai kuma ka koma ɗan kallo, wasu za su ce wannan ai ba gem ba ne. Duk wanda ya taɓa gwada irin wannan aikin sai ya ci karo da wannan katangar. A 1994 wani mai bincike Karl Sims ya yi halittun kwamfuta da aka haɗa da 'yan akwatuna, ya bar su suna gasa zuriya bayan zuriya har suka koyi iyo da tsalle da ƙwace abu daga hannun juna ba tare da ya koya musu ba, abin mamaki ne wallahi in ka kalla, amma sai da ya yi amfani da babbar kwamfuta ta musamman, kuma babu ɗan wasa a ciki. Spore ya zo wannan mararrabar ya zaɓi ɗan wasa ɗari bisa ɗari ya bar kimiyya da suna kawai.

Sauran matakan ba sai na daɗe ba. Matakin ƙabila jikin dabbarka ya daskare ba ka ƙara taɓa shi, sai ka kai wa maƙwabta kiɗa ko ka kai musu gatari da mashi. Matakin birane ka ci garuruwa da yaƙi ko ciniki ko wa'azi, kuma in ka taɓa buga Age of Empires ko Civilization za ka ga wannan ko inuwarsu bai kai ba. Gem biyar aka haɗa a kwali ɗaya, huɗu ba su da zurfi. Na biyar ɗin, sararin samaniya, shi ke da faɗi, akwai cinikin yaji tsakanin duniyoyi, akwai gyaran yanayin duniya ka daidaita zafi da iska ka zuba tsirrai da dabbobi har ta rayu, akwai wasu mugayen halittu da ake kira Grox da suka kewaye tsakiyar taurarin. Sai dai jirgi ɗaya tal gare ka a duk daular, kana can nesa kana bincike sai ƙararrawa ta kaɗa 'yan fashi sun shiga gari kaza, ka dawo, kafin ka juya wata duniyar dabbobi sun kamu da cuta ka je ka harbe su ɗaya bayan ɗaya, haka za ka yi ta zirga-zirga kamar ba ka da kowa a ƙarƙashinka.

Wani abin da ya ƙara wa wutar fetur a lokacin, wanda kai bai shafe ka ba, shi ne makullin SecuROM da EA suka sa, wanda ya ce sau uku kawai za ka iya sa gem ɗin a kwamfuta da kuɗinka, daga baya suka mayar biyar da surutu ya yi yawa. Mutane suka yi dafifi a Amazon suna ba shi tauraro ɗaya, aka kai EA kotu, kuma shafin TorrentFreak ya lissafa shi a matsayin gem ɗin da aka fi sata a 2008. Ka haɗa wannan da alkawarin 2005 ka ga dalilin da sunansa ya zama abin misali. Wanda ake sayarwa a GOG, wani shagon gem na intanet, yanzu babu wannan makullin.

Duk da haka ba zan yarda a ce Spore shara ba ne, wannan zalunci ne. Wurin ƙera dabbar nan har yau ban ga wanda ya kama ƙafarsa ba. Ka ja ƙashin baya ka lanƙwasa, ka kumbura nan ka matse can, ka sa ƙafa uku ko bakwai, kuma nan take abin ya tashi ya yi tafiya ya yi rawa ba tare da wani ya taɓa zana motsin wannan siffar ba. Wannan aiki ne mai wuyar gaske, Chris Hecker da abokan aikinsa har takarda suka gabatar a kansa a taron masana zanen kwamfuta na SIGGRAPH a 2008. Kuma duk bayanin dabbar a cikin ɗan ƙaramin hoton PNG yake, ka tura wa abokinka hoton ya ja shi cikin gem ɗinsa dabbar ta fito da ranta. Da suka saki wurin ƙerawar shi kaɗai a watan Yunin 2008, cikin kwanaki kaɗan mutane suka ɗora halittu sama da miliyan ɗaya. In ka ɗauke shi a matsayin wurin zane mai motsi za ka more shi. In ma kana so ka ƙara ba shi dama, ka sa shi a mataki mai wuya, ka kafa wa kanka doka cewa canji ɗaya ƙarami kawai za ka yi a kowace haihuwa kuma sai wanda abin da ya same ka a daji ya jawo, misali an kore ka an kusa kama ka sannan ka taɓa ƙafa. A sararin samaniya kuma ka yi saurin sayen kayan kariyar nan Uber Turret da Bio Protector ka zuba a duniyoyinka, ƙararrawar za ta ragu sosai. Kar ka jira Spore na biyu dai, Will Wright ya bar EA tun 2009, kuma an rufe ofishin Maxis na Emeryville inda aka yi gem ɗin a 2015.

Yanzu maganar wanda ya fi shi, ya danganta da abin da ka zo nema.

In so kake ka riƙe halitta da hannunka amma duniya ta riƙa hukunta ka a kan zaɓinka, Thrive nake ba ka shawara. Mutanen da Spore ya ba wa haushi irinka ne suka taru suka fara shi, 'yan sa-kai, lambar manhajar a buɗe take kuma ana sauke shi kyauta a shafinsu, na shagon gem na Steam ne ake biya don tallafa musu. A nan ƙwayar halittarka sai ta samo sukari ta ƙona ta samu ƙarfi, sai ta tara amoniya da fosfet kafin ta rabu biyu, kuma duk gaɓar da ka ƙara tana cin ƙarfi, in ka cika kwaɗayi ka jibga kaya sai ka ga ƙwayar ta kasa ciyar da kanta ta mutu a gabanka. A kowace zuriya makin canji ƙayyadadde ake ba ka ba za ka wuce shi ba. Sauran halittun da ke cikin ruwan kuma kwamfuta na sauya su da kansu gwargwadon abincin da ke wurin da wanda ke cin wani, har wani reshe ya ɓalle daga jikin naka ya dawo yana gasa da kai. Ƙarfinsa a matakin ƙananan ƙwayoyin yake, kar ka shiga da tsammanin taurari.

In kuma gado ne ya fi ba ka sha'awa, akwai Niche na kamfanin Stray Fawn da ke Zurich a Suwizalan, ya fito a 2017. Garke kake kiwo a tsibiri, kowace dabba tana ɗauke da kwafi biyu na kowace ƙwayar gado, wani ya danne wani ya ɓuya sai a jikoki ya fito, irin lissafin nan na AS da AS da ake yi kafin aure. In ka yi ta haɗa 'yan uwa na kusa sai 'ya'yan su fara fitowa da ciwo, dole ka nemo baƙo daga waje. Kowace dabba kwanakinta ƙidayayyu ne kuma in garken ya ƙare wasa ya ƙare.

Wanda ya fi kusa da ainihin abin kuwa, inda za ka cire hannu ka zuba ido, shi ne The Bibites na Léo Caussan da kuma Species: Artificial Life, Real Evolution da ya shiga Steam a 2018 tun ba a gama shi ba. A Bibites kowace 'yar halitta tana da 'yar ƙwaƙwalwarta da ake gado da ɗan canji, da farko za ka ga suna ta juyi a wuri ɗaya kamar marasa hankali suna mutuwa da yunwa abinci na gefensu, in ka bar shi ya yi ta gudu sai ka dawo ka tarar jikokinsu sun iya juyawa su nufi abinci, wani lokacin ma wasu su fara cin 'yan uwansu, kuma ba wanda ya rubuta musu haka. Sai dai yana son lokaci kuma yana dafa laftop, in wutarku ba ta zama ka riƙa ajiye wasan akai-akai kar aikin dare guda ya tafi a banza.

Da yake ka ce abin da ya dame ka shi ne manna ƙafa da ƙaho ba tare da wani sakamako ba, ka fara da Thrive tunda ba zai ci maka ko sisi ba sai data. Ka bi koyarwar farko kar ka tsallake, kuma a zuriyoyin farko kar ka yi gaggawar ƙara girma, ka riƙa duba ma'aunin nan da ke nuna ƙarfin da kake samarwa da wanda kake kashewa kafin ka fita daga wurin gyara, in na kashewa ya fi yawa ka cire wani abu tukuna.